Wace ƙaramar kwamfuta ce za ta jure hanyar Yamai zuwa Tawa?

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da hanyar Yamai zuwa Tawa ya san cewa ba a gida ake sanin nauyin jaka ba. A tasha ake saninsa, tun kafin kiran sallar asuba, lokacin da mutum yake tsaye yana jiran a kira sunansa, igiyar jaka tana cin kafaɗarsa. Kilomita wajen 550 ne tsakanin garuruwan biyu, a bi ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a karkata arewa daga Tsarnawa, a ratsa Badagishiri, kuma duk tsawon wannan tafiya jakar da ke ɗauke da kwamfuta tana kan cinyar mai ita, domin babu mai hankalin da zai bari a jefa ta ƙarƙashin mota tare da buhuna da akwatuna. Aikina shi ne koyar da ma'ajin ƙungiyoyin manoma yadda ake riƙe littafin kuɗi, mafi yawa a ƙasar Adar, saboda haka na daɗe ina bin hanyar. Na shafe shekaru ina jan wata kwamfuta mai allon inci 15.6 wadda nauyinta, idan aka haɗa da cajarta, ya doshi kilo uku, kuma ita ce ta sa na fara neman ƙarama. Abin da na koya a wannan nema, har da asarar da na yi a ciki, shi nake son in shimfiɗa wa wanda ke shirin sayen tasa.

Kwaɗayin ƙaramar kwamfuta mai araha ba yau ya fara ba. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya sanar da shirin ƙera kwamfutar dala ɗari don ƴan makarantar ƙasashe matalauta, a 2007 kuma kamfanin Asus na Taiwan ya fito da Eee PC, mai allon inci 7, wadda nauyinta bai cika kilo guda ba, aka sayar da ita dala 399 a Amurka. Matafiya da yawa sun rungume ta, domin tana shiga jakar hannu, kuma idan aka sace ta ko ta faɗi ta fashe, asarar ba ta kai ta babbar kwamfuta ba. Kasuwar irin waɗannan injuna, da ake kira netbook, ta yi tashe na ƴan shekaru, sannan ta dushe bayan fitowar iPad a 2010, har Asus da Acer suka daina ƙera su a wajajen ƙarshen 2012. Sunan ya mutu, amma buƙatar tana nan, kuma a yau mai nema a shagunan da ke kewaye da Babbar Kasuwar Yamai zai tarar da hanyoyi huɗu a gabansa: sabuwar ƙaramar kwamfuta mai Windows, ko ta hannu irin ta ofisoshi wadda ƴan kasuwa ke kira okaziyo, ko Chromebook, ko kuma tablet da aka haɗa mata allon rubutu. Biyun farko su ne ainihin abokan takara, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Sabuwar ƙaramar, irin su HP Stream 11 da Asus E210 da ƙananan Lenovo IdeaPad, tana da abubuwan da ke jan hankalin matafiyi tun daga kallon farko. Allonta inci 11.6 ne, nauyinta kilo guda da ɗan ɗori, cajarta kuma ba ta fi ta waya girma sosai ba. Injin da ke cikinta, wanda galibi Intel Celeron ne irin N4020, wat shida kawai yake ci, saboda haka ba ya buƙatar fanka. Wannan batu na fanka ya fi muhimmanci a ƙasarmu fiye da yadda masu tallar kaya a Turai za su ɗauka. Fanka iska take zuƙa don ta sanyaya inji, kuma iskar Tawa a lokacin hunturu ƙura ce zalla. Na taɓa tsayawa a gaban wani mai gyara yana buɗe tsohuwar babbar kwamfutata, ya sa ɗan tsinke ya zaro wani curin ƙura da zare daga bakin fankar, ja-ja-ja kamar ƙasar gefen hanya, mai kaurin ɗan yatsa, ya ɗaga mini ya ce: "Malam, ka ga abin da ke kashe maka ita da rana. Ba ta samun numfashi." Kwamfutar da ba ta da fanka ba ta haɗiye wannan ƙura, ba ta ƙara a cikin dare a masauki, kuma batirinta sabo ne fil, babu wanda ya riga ka cinye rabin ransa. A rubutu da karatu kawai, irin wannan inji yakan kai mutum daga safe zuwa la'asar ba tare da ya nemi wuta ba.

Sai dai araha ba ta ado, kuma inda aka rage kuɗin ba a ganinsa daga waje. Irinta na fara saya, kuma na yi murna da ita har tsawon wata biyu. Ma'adanarta gigabait 32 ce, irin wadda ake kira eMMC, wadda a like take da allon injin, ba a cire ta balle a sa babba. Windows kaɗai ya cinye fiye da rabi. Ranar da ta ba ni kunya ina wani gari kusa da Galmi, ma'aji goma sha biyu suna zaune a kan benci suna jiran in nuna musu yadda ake lissafin bashin taki da kuɗin albasa, sai ta tsaya tana ƙoƙarin sabunta kanta, ta ce babu wuri, ta koma baya, ta sake farawa. Sai da na koma ga alli da allon bango. Mai shagon da ya sayar mini bai yi mini ƙarya ba, ni ne ban san tambayar da ya kamata in yi ba. Yanzu na sani: Windows 11 da kansa yana buƙatar aƙalla gigabait 64 na ma'adana da gigabait 4 na RAM, wato wurin da inji ke shimfiɗa aikin da yake yi a lokacin, kuma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zai sa ya tashi, ba abin da zai sa a ji daɗin aiki da shi ba. A yawancin waɗannan ƙananan injuna RAM ɗin ma a like yake. Idan ka sayi mai gigabait 4, da shi za ka zauna har ranar da za ka rabu da ita. Takardar Word guda da shafi biyu ko uku na intanet ba za su gagare ta ba, amma ka buɗe babban jadawalin Excel mai layi dubu da yawa, ka haɗa da kiran bidiyo, za ka ga alamar jira tana juyawa kamar ba za ta tsaya ba. Ga shi kuma da yawansu suna zuwa da Windows a wani yanayi da ake kira S, wanda ba ya yarda a sa manhaja sai daga shagon Microsoft. Ana iya fita daga cikinsa kyauta, amma sai da intanet, kuma gara a yi hakan a Yamai kafin a kama hanya.

Ta hannu irin ta ofisoshi labarinta daban ne. Waɗannan injuna ne da manyan kamfanoni a Turai da Amurka ke saya wa ma'aikatansu, su yi aiki da su shekara uku ko huɗu, sannan a tattara a sayar da su a dunƙule, su biyo kwantena su iso kasuwanninmu. Masu girman da ya dace da tafiya su ne masu allon inci 12.5 zuwa 13.3: Lenovo ThinkPad X270 da X280, Dell Latitude 7290 da 7390, HP EliteBook 820 da 830. Nauyinsu yana tsakanin kilo 1.2 da kilo ɗaya da rabi, wato sun ɗara sabuwar ƙaramar da abin da bai kai nauyin ƙaramar gorar ruwa ba, amma abin da ke cikinsu ba a haɗa shi da nata. Injin Core i5 ne, RAM gigabait 8 ko 16, ma'adana kuma SSD ce, wato mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, mai gigabait 256 ko fiye, wadda ake iya cirewa a sa wata. An gina jikinsu don mutanen da ke yawo tsakanin filayen jiragen sama, maratayin allon ƙarfe ne, kuma maɓallan rubutunsu suna da zurfin da yatsa ke jin daɗi idan rahoton ya kai shafi ashirin. Abin da ya fi duka a wurina shi ne masu gyara sun san su. Idan allon ThinkPad ko na EliteBook ya fashe, akwai yiwuwar a samu wani a Yamai daga jikin wata da ta mutu, ko a aiko daga Kano cikin ƴan kwanaki. Sabuwar ƙaramar kuwa, idan wani abu ya ƙone a allon injinta, sau da yawa kuɗin gyara yakan kusan kai kuɗin sabuwa, kuma abin da ke cikin ma'adanarta yana iya tafiya tare da ita tunda a like suke.

A nan akwai wata lamba da ya kamata kowane mai saye ya iya karantawa da kansa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar injunan Intel a hukumance sai daga zubi na takwas zuwa sama. Ana gane zubin ne daga lambar da ke biye da layin tsakiya a sunan injin: i5-8250U na takwas ne, i5-7200U na bakwai, i5-6300U na shida, i5-10210U kuma na goma. Mai shago zai ce maka "i5 ce" ko "i7 ce", kuma gaskiya ya faɗa, amma i7 ta zubi na shida ta girmi i5 ta zubi na takwas da shekaru, kuma a ayyuka da yawa ta takwas ɗin ta fi ta sauri, domin daga wannan zubi ne aka ninka ƙwayoyin aikin irin waɗannan injuna daga biyu zuwa huɗu. Za ka tarar da tsofaffin injuna da aka tura musu Windows 11 ta bayan gida. Suna aiki, amma babu tabbacin za su ci gaba da samun sabuntawa. Wanda ba ya tsoron koyon sabon abu yana iya sa wa tsohon inji Linux Mint ko Ubuntu a madadin Windows, tare da LibreOffice a madadin Word da Excel, ya yi shekaru yana aiki lafiya lau ba tare da ya biya ko dala ba, amma wanda ofishinsa ke aiki da manhajar lissafi irin Sage, ko wata da ba ta tashi sai a kan Windows, to ya tsaya a kan zubi na takwas ko abin da ya fi shi.

Tsakanin X270 da X280 akwai wani zaɓi da ke nuna yadda lamarin yake da sarƙaƙiya. X270, wadda ta fito a 2017, tana da gurbin batir biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a baya wanda ake zarewa da hannu a sa wani ba tare da an kashe inji ba, RAM ɗinta kuma ana iya canza shi. Ga wanda zai kwana uku a ƙauyen da babu wuta, wannan tsari abin so ne ƙwarai. Amma injinta na zubi na bakwai ne ko na shida. X280 ta 2018 ta fi ta sauƙin nauyi, injinta galibi na takwas ne, amma batirinta guda ne a ciki, RAM ɗinta kuma a like yake, saboda haka dole mutum ya nemi mai gigabait 8 ko 16 tun daga farko. Ni X280 nake ɗauka yanzu, kuma dalilina yana da nasaba da wuta fiye da komai.

Wuta ita ce ke yanke hukunci a wannan hanya. Kaso mai yawa na lantarkin ƙasarmu daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru lokacin da aka katse layin a watan Agusta 2023, har zuwa farkon 2024 da aka maido da shi. An samu ƙari daga tashar hasken rana ta Gorou Banda kusa da Yamai da ta Malbaza a jihar Tawa, amma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da kowane gida ke kunna fanka da firji, ɗaukewar kuran abu ne da matafiyi zai sa a lissafinsa. Shi ya sa tambayar da ta fi "awa nawa batirin yake yi" amfani ita ce "da me ake cajinta". Kwamfutar da ke karɓar caji ta ramin USB-C tana iya shan wuta daga batirin ajiya irin wanda ake cajin waya da shi, muddin yana fitar da wat 45 ko 65. Batirin ajiya mai lamba 20,000 mAh a jikinsa yana riƙe da kimanin wat-awa 74, batirin X280 kuwa wat-awa 48 ne, saboda haka ko an cire abin da ke salwanta a hanya, zai cika ta sau guda. Caja guda kuma ta ishi kwamfuta da waya, an rage kaya ke nan. Injunan ofis daga zubi na takwas kusan duka suna da wannan. Sababbin ƙananan kuwa a nan suke yaudarar ido: da yawansu suna da ramin USB-C, amma na ɗaukar bayanai ne kawai, ba ya caji, sai da cajarsu mai siririn baki, wadda idan ka manta da ita a masauki a Ƙonni, to aikinka ya tsaya sai ka samu irinta. Kada ka yarda da ganin ramin. Ka sa a soka caja a gabanka ka ga alamar caji ta kama. Mai hawa jirgi daga filin Diori Hamani, ko zuwa Umra ko saro kaya a Dubai, ya tuna cewa batirin ajiya ba ya shiga kayan da ake aunawa, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da kamfanonin jiragen sama suka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce wat-awa 100.

Raunin ta hannu shi ne batirinta ya riga ya yi aiki a hannun wani, kuma zafinmu ba ya tausaya wa tsohon batir. Kamfanoni irin su Apple suna rubuta cewa a yi aiki da kwamfutocinsu tsakanin digiri 10 da 35, alhali a Tawa zafin bazara yana wuce 40 a inuwa. Zafi yana tsufar da batirin lithium da wuri, wani lokaci ya kumbura har ya ɗaga maɓallan rubutu ko ya buɗe bakin murfin ƙasa. Idan ka ga haka a shago, ka ajiye ta komai arahar ta. Akwai hanyar da Windows ke faɗin gaskiyar batir ba tare da an dogara da bakin kowa ba: a buɗe tagar umarni a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da takarda mai nuna abin da batirin ke ɗauka ranar da aka ƙera shi da abin da yake ɗauka yau. Idan na biyun bai kai kashi 70 cikin ɗari na na farkon ba, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Fankar ta hannu kuma tana buƙatar a buɗe a share ta aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce. Wannan ɗawainiya ce da mai sabuwar ƙarama ya huta da ita, kuma ban raina ta ba.

Akwai kuma batun allon rubutu, wanda masu sharhi daga waje ba sa kawowa domin bai shafe su ba. Mu da muka yi lakwal da Faransanci hannunmu ya saba da tsarin AZERTY, inda é da è da à da ç suke a fili. Injunan da suka fito daga Faransa ko Beljiyam haka suke zuwa, amma waɗanda suka biyo ta Amurka, Dubai ko Najeriya QWERTY ne, wasu ma na Jamus ne masu QWERTZ. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, ana kuma sayar da ƴan takardun liƙawa a kan maɓallai, sai dai gumi da zafi suna ɗaye su cikin ƴan watanni, kuma wanda ke duban maɓalli kafin ya danna zai sha wahala. A injunan ofis ana iya cire allon rubutun gaba ɗaya a sa na AZERTY. A ƙananan masu araha sau da yawa a haɗe yake da murfin sama. Mai rubuta Hausa kuma zai ji daɗin sanin cewa Windows yana da tsarin maɓallai na Hausa da ke ba da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kuma yana aiki a kan kowace daga cikin biyun. Girman maɓallan ma abin dubawa ne: a inci 11.6 sun ɗan matsu, mai manyan yatsu zai riƙa danna biyu a lokaci guda, a inci 12.5 kuwa kusan cikakku ne.

Chromebook, kwamfuta mai aiki da tsarin Google a madadin Windows, wadda ta fito a 2011, a takarda kamar don matafiyi aka yi ta. Tana tashi cikin daƙiƙoƙi, batirinta yana daɗewa, yawancinta ba ta da fanka, sababbinta suna caji ta USB-C, waɗanda aka ƙera don ƴan makaranta kuma suna da roba a gefe saboda faɗuwa. RAM mai gigabait 4 da ke shaƙe Windows yana isar ta. Amma an gina ta ne a kan zaton cewa intanet yana nan kullum, kuma wanda ya bi hanyarmu ya san yadda layin Airtel ko Moov ko Zamani ke zuwa yana ɗaukewa da zarar an bar manyan garuruwa, ga kuɗin data. Ana iya rubutu a Google Docs ba tare da intanet ba idan an shirya hakan tun da wuri, amma cikakken Excel na Windows ba ya hawa kanta, haka ma manhajojin lissafin ofis, kuma haɗa ta da tsohuwar na'urar buga takarda a wata ma'aikata yana iya cinye rabin yini. Kowace tana da ranar da Google zai daina sabunta ta. Waɗanda suka fito daga 2021 an ba su shekara goma, tsofaffin da ke cika kasuwa kuwa wasu sun riga sun wuce tasu. Wasu kuma suna zuwa a kulle da sunan makarantar da ta yi amfani da su a can, ba a iya shiga sai da izininta. Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani da ke da intanet a kusa, wanda aikinsa karatu ne da rubutu, zai iya morar ta. Ban ba ma'aikacin da ke shiga ƙauyuka shawarar ta ba.

Tablet ba na ɗaukar ta a matsayin abokiyar takarar sauran, sai dai abokiyar tafiyarsu. Wajen karatu, kallon darasi, ko cike tambayoyin bincike da manhajar KoboCollect a gona, ta fi kowace kwamfuta, wasu ma suna karɓar layin waya. Amma ranar da aka ce ka gyara jadawali mai ginshiƙi talatin, ko ka haɗa da majigi a zauren taro, ko wani ya miƙo maka filas ya ce ka kwafe masa takarda, za ka gane iyakarta. Ɗan kasuwar da lissafinsa bai wuce WhatsApp da ƴan rasiɗai ba, wayarsa ma ta ishe shi, kada ya ƙara wa kansa kaya. MacBook Air mai injin M1 ta 2020 kuwa ta haɗa abin da ake nema, ba fanka, kilo 1.29, batir mai kai wa dare, amma ko ta hannu kuɗinta ya fitar da ita daga sahun masu araha, gyaran allonta yana da tsada, kuma tana jan ido a tasha fiye da yadda matafiyi yake so.

Da ƙanena zai tambaye ni, zan fara tambayarsa aikin da zai yi a ranar da ta fi kowace wahala, domin a kan wannan ranar ake saye. Idan rubutu ne da karatu da aika saƙo, kuma yana son abin da babu wanda ya taɓa amfani da shi, ya sayi sabuwar ƙarama, amma kada ma'adanarta ta gaza gigabait 128, ko aƙalla 64 tare da gurbin ƙara SSD, kuma idan akwai mai RAM 8 ya daure ya cika kuɗin. Mai gigabait 32 kada ya karɓe ta ko da rabin kuɗi. Idan kuwa aikinsa ya haɗa da Excel, majigi, manhajar ofis da kwana a wuraren da wuta ba ta da tabbas, ta hannu mai zubi na takwas, RAM 8, SSD 256 da caji ta USB-C ta fi masa, ko da zai ƙara kuɗin batir a kai. Sau da yawa kuɗin biyun ba su da nisa da juna, kuma a ganina wanda ya ɗauki ta ofis ya fi samun abin kuɗinsa, da sharaɗin ya duba ta da idonsa. Ko wacce ya zaɓa, ya guji mai tsohon faifai mai juyawa, domin girgizar mota a inda kwalta ta lalace tana kashe irinsa, SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinta.

Zuwa da kai ya fi aike a wannan ciniki. Ranar da na sayi tawa na zauna a shagon fiye da awa guda, mai shagon kuma, dattijo ne mai haƙuri, ya ba ni kujera ya ce: "Duba da kyau, ɗana, gara ka gano a nan da ka gano a Tawa." Na cire caja na bar ta tana nuna bidiyo ina kallon yadda lambar batir ke sauka. Na buɗe farin shafi na duba allon ko akwai tabo ko layi. Na danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, na soka filas a kowane rami, na gwada ramin HDMI, wanda ake haɗa majigi da shi, da talabijin ɗin shagon, na buɗe murfin na rufe sau da yawa ina sauraron maratayin. Na sake kunna ta na shiga BIOS, wato shafin saitin inji da ake shiga kafin Windows ya tashi, don in tabbatar babu kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da ita, domin wadda aka kulle a nan ba ta da sauƙin buɗewa. Na nemi a rubuta mini garantin wata guda a kan rasiɗi tare da lambar jikin injin. Daga nan na wuce wurin masu sayar da jakunkuna na sayi wata ƴar riga mai soso da zif, wadda ke hana ƙura shiga, na sa kwamfutar a ciki, na tura ta tsakanin tufafi a cikin tsohuwar jakar goyo da ba ta yi kama da jakar kwamfuta ba. Kafin in bar kasuwar na roƙi wani mai sayar da shinkafa ya ɗora mini kwamfutar da cajarta da batirin ajiya a kan sikelinsa, allurar ta tsaya ƙasa da kilo biyu.